Kukan Modem da Kunyar Ɗan Fari

Da Yaya zai tafi karatu Sudan, ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa da modem, ɗan akwatin da ke haɗa ta da intanet ta wayar tarhon gidanmu a Kura. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma tambayar labarinsa.

Duk sanda na zauna duba saƙonsa, modem ɗin zai fara kuka kamar kwaɗin kanal ɗin noman rani in an sako ruwa, sai layin ya katse. Na canja waya. Na zargi ɓeraye, na zargi danshin gonar shinkafar da ke bayan gida. Har mai gyara na ɗauko daga Kano, ya buɗe ya rufe, ya ce bai ga komai ba.

Wata rana da hantsi layin ya sake katsewa, na fito a fusace. Na bi ta ƙofar ɗakin Inna, inda ɗaya kan tarhon yake. Tana tsaye ta ba ni baya, ta manna shi a kunne. Ashe da modem ya fara kira, tarhon ɗakinta yakan yi ɗan ƙara, ita kuwa sai ta ɗauka.

A hankali take cewa, "Kai ne? Ba na jin ka sosai. Kana dai cin abinci?"

Na lallaɓa na koma ɗaki. Da yamma tana yanka tumatir na ce, "Inna, mutumin Sudan ya ce yana cin abinci."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya tambaye ka?"