Ɗauko Ƙarafan Gola daga Tawa

Daga gida zuwa Kalfu

Ba a kira assalatu ba muka fito, ni da Kawu Ango, yayan mahaifiyata. Ni samarin garinmu suka aika Tawa in karɓo ƙarafan gola da raga da gwamnati ta ba mu. Shi kuwa asibiti za shi, a duba idonsa na hagu da farar yana ta rufe. Amalanken jaki ya kai mu Kalfu, muka yi sallah a tasha, muka sha koko da ƙosai. Motar da muka samu cike take da buhunan dawa, Kawu a gaba, ni a kan kaya. A shingen jandarma aka duba katunanmu, aka ɗaga mana igiya. Da hantsi muka shiga Tawa.

Tawa, ranar farko

Na bar Kawu a layin asibiti, na hau kabu-kabu zuwa ofishin wasanni. Wadda na tarar sunanta Madam Salamatu, 'yar Gaya ce da aiki ya kawo. Ta kai ni bayan ofis, ga ƙarafan jingine da bango, farin fenti bai ko gama bushewa ba. Har na kai hannu.

"Ina za ku kafa su?" ta tambaye ni.

Na ce mu duk gonar da aka girbe, nan muke taka balo, wato ƙwallo.

"To ba fili ke nan. Na ba wani gari bara, yanzu rumfar jaki aka yi da su. Ka zo mini da fili zuwa gobe da safe, in ba haka ba akwai masu jira."

Ba ta yi faɗa ba, har ruwa ta ba ni. Amma na fito ina tuna yadda samari suka rako mu bakin gari.

Mun sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da itace, aka kawo mana tuwon hatsi da miyar kuka. An ba Kawu maganin ɗigawa, an ce ya dawo bayan sallah a yi masa aiki. Na gaya masa yadda muka yi, ya ce Allah shi kyauta.

Da la'asar muka fita miƙe ƙafa. Muka bi ta wani filin wasa mai katanga da ƙofar ƙarfe. Kawu ya so ya leƙa, mai gadi ya ce sai ƙungiyoyin da aka sani, su ma sai ranarsu. A wajen katangar kuwa 'yan unguwa ne ke buga balo a kan hanya, sun aje takalma a matsayin gola, mota ta zo su watse, ta wuce su dawo. Kawu ya daɗe tsaye yana saurare.

"Ɗana, hilin ga na ciki, babu kowa?"

"Babu kowa, Kawu."

Tawa, rana ta biyu

Da safe na ɗauki jakata zan je in ba da haƙuri, sai na ga Kawu ya sa hula.

"Mu tahi tare," ya ce.

A ofis ya ƙi kujera, ya tsaya dafe da sandarsa.

"Ɗiyata, ina da gona gabas ga rijiya, shimfiɗaɗɗa ta. Da damana in shibka hatsina, in na girbe samari su taka balo har ruwa shi sauko. Ƙarfen shi zauna bakin gona, ba ya hana ni noma."

Madam Salamatu ta ce, "Baba, ƙafa tana kashe ƙasa fa. Hatsinka zai ragu."

"Na sani. Ni ka noma ta. Abu guda ni ka so: ba katanga, ba ƙofa. Wanda duk ya zo shi shiga."

Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta kira masu dako.

Komawa gida

Ƙarafan sun fi motar tsawo, sai da direba ya ɗaura jan ƙyalle a wutsiyarsu. A shinge jandarman jiya ya ƙwanƙwasa su da yatsa, ya ce in mun shirya mu gayyace su, su ba mu kashi. A Kalfu amalanke biyu muka haɗa, jakunan na tafiya ƙarfe na kuka, muka iso gida rana ta yi ja.

Samari suka sauke kaya da sowa, da suka ji labarin gonar Kawu suka nufi gabas ga rijiya. Illa, babban ɗan Kawu, wanda shi ke noma gonar tare da shi, bai yi sowa ba. Ya ja uban gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji me suka ce ba. Can sai na ga Illa ya shiga gida ya fito da dagi a kafaɗa. Shi ya haƙa ramin farko.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu lafiya. Na gode wa mai masaukinmu da Madam Salamatu. Kawu kuwa da na je yi masa godiya, cewa ya yi in bar surutu in zo in ɗiga masa magani.