Kamfanin Da Ya Kashe Babanmu Da Ransa

Innarmu turara shinkafa take yi a Morai, da wannan sana'a ta raine mu. Wata shekara bayan girbin rani a Bakolori, wasu samari masu riguna iri ɗaya suka zo daga wani kamfanin manhajar waya, wai kyauta za su haɗa manoma da masu saye. Suka karɓi lambobinmu, suka tambayi girman gonaki, suka ɗauki hoton Inna a bakin tukunya. Har fura ta dama musu.

Mai saye ko ɗaya bai zo ba, sai saƙonnin caca da tallan taki suka addabi wayoyinmu. Daga baya wani da ya bar aikin ya gaya mini lambobinmu ne hajar da kamfanin ke sayarwa.

Wannan na haɗiye shi. Sai ƙanwata da ke aure a Maradun ta turo mini hoton Inna daga shafin kamfanin, an rubuta a ƙasa wai 'yan bindiga sun kashe mijinta, manhajarsu ce ta tsamo ta daga yunwa. Baba kuwa yana gefena a zaune, yana gyaran ƙotar fartanya. Na kira lambarsu, na'ura ce ke amsawa. Ranar na ƙudura sai na rama.

Na bi kasuwar Mafara rumfa-rumfa ina nuna hoton, mutane na goge manhajar a gabana. Bai ishe ni ba. Da na ji za su kawo baƙi masu zuba jari taro a Bakura, na goya Baba a babur.

"Mi zan ce musu?" ya tambaye ni a hanya.

"Gaskiya kawai, Baba."

Muka tarar da hoton Inna a ƙaton ƙyalle bayan manyan kujeru. Da aka ba manoma dama, Baba ya miƙe, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya nuna ƙyallen.

"Wannan matata ce. Ni ne mijin da aka kashe. Na zo in ji wanda ya yi mini sallah."

Tafintansu ya ƙi fassarawa, sai wani malamin makaranta ya fassara wa baƙin da ƙarfi. Ni kuwa ina ɗaukar komai a waya. Manajan kamfanin ya ja ni gefe, gumi na zuba, wai kuskure ne, mu sasanta. Na ce ya je Morai ya durƙusa gaban Inna tukuna. Bai je ba, kuma ba su sake taka yankinmu ba.

Inna ta ce ta yafe, ni ban yafe ba. Bara na ji sun sauya suna sun ɓulla wata jiha. Na nemi shugaban manoman can, na tura masa bidiyon.