Hular Babana a Kan Wani

A lokacin ni tela ne a unguwar Yara, a shagon da mahaifinmu ya rasu ya bar min, kuma Allah Ya yi ni da iya kwaikwayo. Wanda na fi iyawa shi ne marigayin kansa: yadda yake sauko da tabarau kan hanci, da ɗan tarin da yake yi kafin ya balbale mai kawo ɗinki da faɗa, da tafiyarsa ta mai ciwon gwiwa. Wani abokina da muka tashi tare shi ya fara ɗaukata da wayarsa ina wannan shirmen sanye da hular Baba. Ya buɗe mana shafi da lambarsa, tunda tawa wayar mai tocila ce. Kafin mu ankara, tsohon tela mai faɗa ya zagaye gari, har 'yan acaɓa na tsayawa su ce in yi musu tarin.

Da Sallah 'yar ƙanwar babata ta zo gida. Lauya ce a Abuja, aikinta na mawaƙa ne da 'yan fim da 'yan ƙwallo. Ta kalli bidiyon ta sha dariya, sannan ta tambaye ni shafin na waye, sunan tsohon kuma na waye. Na ce namu ne mana. Ta ce “namu” ba ya tsayawa a gaban alƙali, mu zo ta rubuta mana abin da kowa ya mallaka, kyauta. Wallahi raina ya ɓaci. Mu a saninmu ba a kiran lauya sai an yi rigima, to yaya zan kai wa mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya takarda ya sa hannu? Na ce mata ta bar mana boko a Abuja. Har na je na ba shi labari muka yi ta ƙyaƙyatawa.

Saɓanin ya zo ne ranar da wani kamfani ya nemi tsohon ya yi tallar maganin ƙarfin maza. Na ce ba da hular ubana ba. Abokina ya ce ai ba ubana ba ne yanzu, haja ce. Washegari na kasa shiga shafin. Bayan ɗan lokaci sai ga sabon bidiyo, wani yaro daga Agwada sanye da hular da na bari a ɗakin ɗaukar hoto, yana ɗingishin Baba.

Na koma wurin 'yar'uwata kaina a ƙasa. Ba ta yi min gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Ta bincika ta gano abokin nawa ya riga ya yi rajistar sunan tsohon shi kaɗai, ga shi shi ya ɗauka, shi ya tace, shi ya ɗora. Ta ce shari'a za ta yi tsawo, kuma ba ta yi min alkawarin nasara ba. Da ƙyar ta zaunar da shi ya yarda a sa sunana a tsofaffin bidiyoyin, a cire tallar, a dawo min da hula.

Na daɗe ina tunani, na gane ban taɓa jin tsoron lauya ba, kunyar aboki ce ta ci ni. Da mun rubuta tun ana dariya, wataƙila da har yau muna gaisawa. Don haka ku masu barkwanci da waƙa da ƙwallo, ku je wurin lauya tun kuna shiri da juna, ba cin fuska ba ne.

Hular tana nan rataye a shago, amma yaron ya sayi irinta. Rannan jikokin babata suka kunna bidiyonsa a tsakar gida. Babar tawa tana jin tarin nan daga ɗaki ta fito da sauri da murmushinta, ta leƙa wayar, sannan ta ɗago ta tambaye ni wane ne wannan, kuma wa ya ba shi mijinta.