Ranar da Na Sauke Amya

Shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu, in kana son jin muryar ɗan'uwanka sai ka hau tudu kana laluben sabis ɗin Nijar. A lokacin ne wani mai gyaran rediyo daga Sakkwato ya kawo mana wasu 'yan na'urori, kowace ba ta wuce sabulun wanki ba. Ba ruwansu da sabis. Wannan ta miƙa wa waccan rubutaccen saƙo, waccan ta miƙa gaba, tun daga Tsamaye har tashar Isa, kamar yadda ake miƙa kwanon ƙasa wurin gini. In ɗaya ta yi shiru, saƙo ya tsaya a nan.

Ta ƙauyenmu ni aka damƙa wa, don na taɓa koyarwa a firamare, mutanenmu kuwa gani suke duk wanda ya riƙe alli ya san kome. Muka ɓoye ta cikin amya, muka rataya a tsamiyar bayan gidana, saboda 'yan bindiga ba sa ɗaga kai su duba gidan zuma. Mai gyaran ya ja mini kunne: "Malam, kak ka sabke ta. Bisa taka aiki."

Wata ranar kasuwa yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya leƙo da safe. "Za ni Isa in sawo gishiri da manja, kahin magariba ina gida." Ban damu ba. Akwai mai shago a tashar da ke riƙe da na'ura ta ƙarshe, direba ba ya tashi sai ya tambaye shi labarin hanya.

Bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, tsamiya ta fara rangaji. Na hau na sauke amyar. Na naɗe na'urar da zane, na sa ta cikin akwatin ƙarfen auren matata, inda muke ajiye takardar gona da duk abin da muke tsoron rasawa.

"Ba bisa anka ce a bar ta ba?" in ji matata.

Na daka mata tsawa. "Amanar mutane ta! In iska ta kada ta, mi za ni ce musu?"

Ruwan ma yayyafi ya yi ya wuce. Na zagaya gona duba gero, ban tuna da na'urar ba sai bayan la'asar. Ina mayar da na'urar cikin amya na rataya, wayata ta hau kaɗawa da saƙonnin da take turo mata. Daga Tsamaye ne: an ga baburan 'yan bindiga sun nufi hanya, kada mota ta bar Isa. Sun yi ta maimaitawa tun ina gona. Can ƙasa kuma ga na mai shago: shiru muka ji, mota ta tashi.

Washegari muka binne yayana.

A zaman makoki mutane suka yi ta cewa na'urar ce ta gaza, kayan zamani ba amana. Na bar su suna faɗin haka. Matata ba ta taɓa tona ni ba, ba ta kuma sake buɗe akwatin a gabana ba.

Ran sadakar uku mai gyaran ya zo, ido jajur, yana zargin kansa. Ya buɗe na'urar, ya jujjuya ta, ya daɗe yana dubawa.

"Ban ga laihinta ba," ya ce. "Ka kula da ita ƙwarai, Malam. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba."