Hayaƙin da Aka Turara wa Shafa'atu

Wata rana bayan la'asar, samarin wata unguwa a Gusau suka fito rakiyar ango a kan babura. Sun fi ashirin, sai murza su suke yi.

Kowa ya leƙo kallo, ban da Shafa'atu.

Shekararta goma sha uku. Wata huɗu ke nan da gwaggonta Tabawa ta ɗauko ta daga ƙauye, bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu a kan babura. Uba ya tafi, uwa ta tafi.

Ba wanda ya zaunar da yarinyar nan ya ji abin da idonta ya gani. An ce mata ta yi haƙuri, aka tura mata kwanon tuwo. Shi ke nan fa.

Tana jin ƙarar baburan ta saki farantin shinkafar da take tsincewa, ta shige ƙarƙashin gado tana makyarkyata, har fitsari ya kufce mata.

Gwaggo Tabawa na ƙaunar yarinyar nan, wallahi tana ƙaunarta. Amma kun san maƙwabta, kowa likita ne. Nan take suka yanke hukunci: iska ce, ai daga daji ta fito.

Washegari da hantsi aka kira mai magani.

Aka rufe ƙofa da taga. Aka zuba barkono a garwashi, aka lulluɓe Shafa'atu da bargo. Mata biyu suka danne kafaɗu. Gwaggo da kanta ta riƙe ƙafafu tana hawaye, a ganinta ceto take yi.

Mai magani ya daka tsawa: "Wane ne kai? Faɗi sunanka!"

Daga cikin bargon, cikin tari, ta ce: "Ni ce, Malam. Don Allah ku kashe wutar nan. Haka ɗakinmu ya yi hayaƙi. Inna na ciki tana kiran sunana, ni ina bayan rumbu, na kasa fitowa."

Ranar ce ta fara faɗa. Wata huɗu tana ɗauke da shi ita kaɗai.

Hannun Gwaggo ya fara saki. Sai mai magani ya ce makirin aljani ne, ya ari muryar yarinyar don a ji tausayinsa. A ƙara barkono.

Aka ƙara. Gwaggo kuwa ta sake damƙe ƙafafun.

Tun daga ranar Shafa'atu ba ta ƙara ihu ba. Ko babur ya wuce, sai dai ta ƙame ta zuba wa bango ido. Maƙwabta suna ta barka, wai magani ya ci.

Gwaggo ce kawai maganar rumbun nan ta hana sukuni. Bayan sati biyu ta jawo yarinyar jikinta, ta ce, "Shafa, ba ni labarin ranar. Ina jinki."

Yarinyar ta dube ta, ido a bushe.

"Ba komai, Gwaggo. Aljani ne ya faɗa."

Darasi: Yaron da ya ga kisa, ko gobara, ko hatsari, ko aka ci zarafinsa, yana iya firgita da ƙara ko wari ko da an daɗe. Ciwo ne a zuciya, kuma likitoci sun san shi. Ku yi masa addu'a, ku kai shi asibiti. Ranar da ya buɗe baki kuwa, don Allah ku saurara, don ba lallai ya sake buɗewa ba.

Tura wa duk wanda yake riƙon maraya. Wataƙila garwashin na kan wuta a gidansu yanzu haka.