Tazarar Tafin Hannu

Alwyn Rothe kafinta ne a kwarin Barossa, mutum mai taurin kan tsiya. Shekara hamsin yana gyaran gine-ginen gonakin inabi, ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Abin alfaharinsa shi ne tsohon ɗakin dutse da kakansa ya gina don ajiye gangunan inabi. Yana saurayi ya ga farar ƙasar da ke tsakanin duwatsun tana zubewa, ya kankare ta ya cusa siminti. Kowa ya yaba masa a lokacin.

Da 'yarsa Noreen ta karɓi gonar, sai ta so a ƙara rumfar katako a jikin ɗakin don baƙi. Abin nema ya samu. Dama shekara tara Alwyn yana shanya katakon wata bishiya da iska ta kayar, burinsa ya ɗora shi a kan bangon kakansa da hannunsa kafin ya mutu.

Sai ga Tamsin, mai zanen gini da Noreen ta ɗauko daga Adelaide. Ta ƙwanƙwasa bangon, ta zura yatsa, dutse ya marmashe.

"Mista Rothe, wa ya cusa simintin nan?"

"Ni ne, tun ba a haife ki ba."

"To, shi ya cinye bangon. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita, siminti kuwa kulle shi yake ciki. Bangon nan ko hularka ba zai ɗauka ba."

"Noreen, kin ji? 'Yar birni za ta koya mini dutse!"

"Baba, don Allah ka taɓa da kanka."

Ya taɓa. Garin dutse ya cika masa hannu.

An yi rumfar da katakonsa, amma da ƙafafunta ta tsaya, an bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bangon. Tun daga nan Alwyn bai sake ɗaukar zarto ba. Kullum da safe yana durƙushe da guduma yana fasa simintinsa, tsaga bayan tsaga, gwiwoyinsa na ciwo. Idan ya gaji, sai ya zura hannu cikin tazarar nan. Katakonsa a bayan hannu, dutsen kakansa a tafi, kuma ya san shi da kansa ya raba su.