Teku a Rariyar Inna

A shekarar da damina ta juya mana baya karo na biyu, wata ranar kasuwar Bafarawa da hantsi, wani baƙo ya jingine babur a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Gangara. Ina tsugune kusa da tarin ƙasar da Baba ke fitarwa daga sabuwar rijiyarmu, ina gina wa 'yartsanata ta kara ɗaki. Rijiyar unguwa ta ƙafe, gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, maƙwabta sun ɗaure kaya sun yi kudu gida-gida. Baba ya ce idan bai tarar da ruwa ba, mu ma sai tafiya. Ga shi ya wuce jan yashi ya faɗa wata busasshiyar laka mai launin toka, mai ɓarewa falle-falle. Ni dai tsoron tafiyar nan nake yi ƙwarai, don ban san wata duniya ba bayan katangarmu.

Baƙon, Malam Garba, ma'aikacin binciken ƙasa ne daga Sakkwato, yana bin rijiyoyi yana ɗibar ƙasarsu. Bayan gaisuwa sai ya roƙi aron rariya da moɗa guda ta ruwa, ruwan da ni da Inna muke ɗaukowa a ka tun daga fadama. "Laka za a tankaɗe da rariyata ta tuwo? Wanga baƙo lahiya shike?" in ji Inna daga bayan zana. Amma ta bayar. Ya jiƙa lakar a ƙwarya, ya wanke ta cikin rariyar har ta rage ɗan tsaki fari, ya shanya a rana, sannan ya sa a ƙarƙashin wata na'ura mai ido ɗaya wadda ke ƙara girman abu. Ya ce in leƙa.

Na leƙa, sai na manta da ƙishi. Tsakin nan ashe katantanwa ce, ƙanana ƙwarai, ko ƙwayar gero ta fi su. Wasu a nannaɗe, wasu ɗaki-ɗaki a jere, wasu kamar wake da aka ɓare gida biyu, duk suna ƙyalli. Ya ce halittun ruwan gishiri ne, kuma shekaru miliyoyi da suka wuce teku ne ya kwanta a nan, daga Sabon Birni har Isa. Kowane zamani da irin nasa, don haka yana gane shekarun kowace shimfiɗar ƙasa daga siffarsu, yadda ake gane Bagobiri daga tsagar fuskarsa. Ranar nan, da na kora awaki kiwo, gani nake kifaye na ratsa rassan gawo, ni kuma ina tafiya a ƙasan ruwa da sandata.

Malam Garba ya yi ta bayani cewa tekun ya daɗe da janyewa, lakarsa ba ta riƙe ruwa, sai dai wataƙila yashin da ke ƙarƙashinta, kuma bai san kaurinta ba. Baba kalma ɗaya kawai ya ji. "Teku ƙarƙashin gidan ubana, in tai kudu biɗar ruwa? Za ni ci gaba da gina." Baƙon ya buɗe baki zai gyara masa, ya dubi hannuwan Baba da suka tsattsage, sai ya fasa.

Haka Baba ya ci gaba da sara, muna jan guga cike da laka, har fatanyarsa ta cinye. Wata safiya gugan ya fito da nauyin da ba na ƙasa ba. Inna ce ta fara kurɓa. Ta yamutsa fuska, don ruwan zartsi ne, ta ce, "To, ga tekunku nan, har da gishirinai." Tana dariya, hawaye na zuba. Muka kwance kayan da aka riga aka ɗaure.

Yau famfo ne a unguwar, ruwansa garai, jikokina na wasa da shi har su ɓarar. Rijiyar ta rufta, Baba ya rasu yana nan a kan cewa tekun ya tono. Ban taɓa gyara masa ba, domin da ya fahimci baƙon nan daidai, da ba a gidanmu aka yi masa sutura ba.